Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba?

Maganar da za mu taɓa a wannan fitowa magana ce da ba a son ɗaga ta a majalisa. Da an ambace ta sai a ce a'uzu billahi, a sauya zance. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

Da yawanmu sun ji labarin Mubarak Bala a rediyo. Ɗan Kano ne, ɗan gidan Musulmi, ya yi karatun addini, ya yi boko har ya zama injiniya. A 2014 ya fito fili ya ce ya bar Musulunci, kuma bai yarda akwai Allah ba. Danginsa suka ɗauka taɓin hankali ne, aka kwantar da shi asibiti na wasu kwanaki. Daga baya ya zama shugaban wata ƙungiya ta marasa addini a Nijeriya. Ranar 28 ga Afrilun 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna kan wasu rubuce-rubuce da ya yi a Facebook waɗanda suka taɓa mutuncin Annabi (SAW), aka wuce da shi Kano. A watan Afrilun 2022 ya amsa laifi a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa shekara 24. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara 5, kuma a cikin shekarar ya fito.

Shari'a ta ƙare, alƙali ya tashi. Amma maganganun da shi da irinsa suke yi ba a ɗaure su tare da shi ba. Suna nan suna yawo cikin wayoyin da mu da kanmu muka saya wa 'ya'yanmu. Yaronka da ke Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, da ƙanwarka da ke kwalejin ilimi, har ma yaron shagonka da ke latsa waya in ciniki ya lafa, duk suna cin karo da su, wasu da Turanci, wasu da Hausa garau. Wanda ya fito ya yi shela mutum ɗaya ne, an san inda yake. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda yake bin mu sahu, yana cewa amin, alhali wata tambaya ta shekara tana cin zuciyarsa, ya rasa wanda zai faɗa wa don gudun mari ko tsinuwa. Mu nan Gombe mun san aikin zaizayar ƙasa. Ruwa yakan jima yana cin ƙarƙashin gida, saman yana nan lafiya lau, sai wata damina a wayi gari ɗaki ya rufta kwari.

Ɗan kasuwa in aka kawo masa kaya a cakuɗe ba ya yi musu kuɗi ɗaya. Zubewa yake yi ya ware, mai kyau gefe, mai tsakuwa gefe, ruɓaɓɓe gefe. Haka ya kamata mu yi wa maganar mulhidai, wato masu musun samuwar Allah. In aka zube ta za a ga kashi uku ce. Akwai zagi. Akwai tambaya a kan Allah. Akwai kuma zargi a kanmu mu Musulmi. Kowane kashi da amsar da ta dace da shi, kuma ɓarnar da ake yi ita ce a haɗa ukun a ba su amsa ɗaya, wato ihu.

Zagi

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Babu Musulmin da zai ji an ci mutuncin Annabi (SAW) zuciyarsa ba ta tafasa ba, kuma ba mu ba kowa haƙuri a kan wannan tafasar. Wanda ya ce yana neman gaskiya, sannan ya fara da zagin wanda mutane suka fi ƙauna fiye da iyayensu, shi da kansa ya rufe ƙofar da yake cewa a buɗe masa.

Sai dai tafasar zuciya ba ta mai da mutum alƙali. A cikin littattafan Malikiyya da muka tashi a kansu, tun daga Risala har Muhtasar, hukunci aikin hukuma ne, da shaidu, da bincike, da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Ranar 12 ga Mayun 2022 taron ɗalibai ya kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. A watan Yunin 2023 kuma a mayankar Sakkwato aka kashe wani mahauci, shi kuwa Musulmi ne, a kan maganar da aka ce ya faɗa. Mu 'yan kasuwa ya kamata wannan ya fi tayar wa hankali. Idan ihun mutum ɗaya ya isa a kashe mutum, to duk wanda kake bi bashi, ko wanda ka ƙwace wa ciniki, ya sami makami a kanka. Kuma duk gawar da aka ƙona a titi, hotonta yakan zama hujja mafi ƙarfi a hannun mulhidi, ya nuna wa yaranmu ya ce ga addinin naku.

Tambaya a kan Allah

Samarin da ke yaɗa waɗannan tambayoyi suna jin kamar su suka gano su jiya a intanet. Wasu dattawanmu kuma suna jin kamar Turawa ne suka ƙirƙiro su don su lalata mu. Dukkansu ba su duba tarihi ba. Alƙur'ani da kansa, a cikin Suratul Jasiya, ya ba da labarin mutanen da ke ganin babu wata rayuwa bayan wannan, zamani ne kawai ke kashe mutum. Daga nan malamai suka samo sunan Dahriyya. Ana ba da labarin Imam Abu Hanifa ya yi muƙabala da irinsu, ya buga musu misali da jirgin ruwa mai lodin kaya, ya tambaye su ko hankali zai ɗauki cewa ya haɗa kansa, ya yi wa kansa lodi, ya tuƙa kansa ba matuƙi. Abin lura a labarin shi ne zama ya yi da su, ya saurara, ya amsa.

Ɗauki tambayar nan da suka fi so: wai da a Billiri aka haife ka a gidan Kirista, da yanzu kana coci kana jin kai ne a kan gaskiya, saboda haka addini gado ne kawai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa kansa wannan tambayar tun yana matashi. A littafinsa Almunƙizu Minad Dalal ya faɗi yadda ya lura 'ya'yan kowace al'umma kan addinin iyayensu suke tashi, da yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu kafin Allah Ya yaye masa. Wannan mutumin shi muke kira Hujjatul Islam. Amsar tambayar kuwa ita ce, inda mutum ya samo magana daban, gaskiyar maganar daban. Lissafi ma a gida da makaranta muka gaje shi, gadon bai sa biyu da biyu sun daina zama huɗu ba. Shi ma mulhidin, da a Barunde ta shekarun baya ya tashi ba waya ba intanet, da wuya ya zama abin da ya zama. Tambayar dai ta wajabta wa kowa ya binciki abin da ya gada, kuma malaman tauhidi sun riga shi faɗin haka. Ummul Barahina ta Imam Sanusi, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kafin jihadi, kacokan ɗinta koyar da ɗalibi take yi ya san Allah da dalili, kada ya tsaya ga an ce.

Sai su ce kimiyya ta bayyana komai, ba sauran bukatar Mahalicci. Kimiyya alheri ce, da ita aka yi maganin da muke sha da motar da ke kawo mana kaya. Tana faɗa mana yadda hadari ke haɗuwa da yadda ƙwayar masara ke tsirowa. Amma me ya sa aka sami wani abu tun farko maimakon babu, me ya sa duniya ke tafiya bisa ƙa'idar da har za a iya lissafa ta, wannan ya wuce abin da awonta ke kamawa. Sikeli yana faɗa maka nauyin buhu daidai. Sikeli bai taɓa faɗa wa kowa cewa tauye mudu haramun ne ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wahala. In Allah Mai rahama ne, me ya sa jariri ke kwana yana kuka da ciwon sikila, me ya sa azzalumi ke tsufa cikin daula? Kada wanda ya yi wa mai wannan tambaya tsawa, domin sau da yawa daga makabarta ya dawo da ita. A Suratul Baƙara mala'iku sun yi tambaya makamanciyarta a kan zubar da jini lokacin da za a halicci Adamu, ba a kore su ba. A Suratul Kahfi Annabi Musa (AS) ya kasa yin shiru kan abubuwan da ya ga Halliru yana yi, sai daga baya aka buɗe masa hikimarsu. Addini bai yi wa kowa alkawarin zai ga hikimar kowace musiba a nan duniya ba. Abin da ya yi alkawari shi ne akwai ranar hisabi. Wanda ya cire Allah daga lissafi bai dawo wa uwa da jaririnta ba, ya dai ƙwace mata fatan sake ganinsa, ya kuma tabbatar wa wanda ya sace kuɗin maganin cewa in ya mutu a gadonsa ya sha ke nan.

Waɗannan amsoshi ba lallai su gamsar da kowa a zama ɗaya ba. Shiriya ta Allah ce. Amma yaron da ya ji su zai san addininsa ba ya gudun tambaya. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin sahabban da suka zo suka kai kukan cewa wasu tunane-tunane na zo musu waɗanda ba za su iya furtawa ba. Annabi (SAW) bai kore su ba, ya ma nuna musu cewa jin nauyin abin alamar imani ce. To mu su wa da za mu fi shi kishin addini?

Zargi a kanmu

A nan ne hausawa ke cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. In ka saurari yawancin waɗanda suka fita, za ka ji ba littafin falsafa ne ya fara girgiza su ba, abin da idonsu ya gani ne. Shi kansa Mubarak ya ambaci yankan mutane da 'yan Boko Haram suke yi cikin abubuwan da suka juya masa tunani.

Mutanen Gombe ba sa bukatar a ba su labarin wannan. Dattawanmu suna tuna rikicin 'yan Maitatsine a Pantami a watan Afrilun 1985. Mu kuma mun ga bam a tashar Gombe Line da tashar Dukku a ƙarshen 2014. Ranar 16 ga Yulin 2015, ana jajiberin ƙaramar salla, mutane na sayayya a babbar kasuwa, bama-bamai biyu suka tashi, kusan mutum 50 suka rasu. Waɗanda suka yi wannan aiki da kabbara suka yi shi. Mulhidi yana cewa ga 'ya'yan itacen nan, ku duba ku san irin bishiyar.

Amsarmu tana da ƙarfi, amma sai an faɗe ta da sunaye. Su wa suka fara tsayawa gaban wannan fitina? Malamai ne. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kanta, aka harbe shi yana jan sallar Asuba a Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007. Sheikh Albani Zariya ya yi musu raddi ba sassauci, aka kashe shi da matarsa da ɗansa a watan Fabrairun 2014. Ɗan garin nan, Sheikh Isa Ali Pantami, ya zauna da Muhammad Yusuf suka yi muƙabala, faifan yana nan. Sarkin Gwoza Idrisa Timta a hanyarsa ta zuwa Gombe jana'izar Sarki Shehu Abubakar aka kashe shi a watan Mayun 2014. A watan Nuwamban shekarar suka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ana tsakar salla. Wanda yake kashe liman a mihrabi ba shi ne zai wakilci masallacin ba.

Sannan rashin addini ma an gwada shi a kan mulki. Tarayyar Sobiyet a zamanin Stalin ta rufe masallatai da coci-coci, ta hallaka mutane ba adadi. Albaniya a 1967 ta haramta addini baki ɗaya. A Kambodiya tsakanin 1975 da 1979 gwamnatin Pol Pot ta karkashe jama'arta, har da Musulmin ƙabilar Cham. Ashe ɗan Adam in yana son jini, da addini da babu addini, zai nemo tutar da zai ɗaga.

To amma laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani. Akwai zarge-zargen da ba Boko Haram ce ta jawo mana su ba. Yaro ɗan shekara bakwai da ke yawo da roba a bakin tasha da daddare, ba takalmi, an ce karatun Alƙur'ani ya zo, wa ya aiko shi? A 2020 lokacin korona mun ga gwamnoni na loda almajirai a manyan motoci, wannan jiha na mayar wa waccan, kamar kayan da aka ƙi saye. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, an ce gidan gyaran tarbiyya ne. Akwai mai sakin mace da 'ya'ya biyar ba ko mudun masara, gobe ka gan shi a sahun farko. Akwai mai cinye gadon marayu ya tafi Umara da kuɗin. Akwai mai wa'azin da muryarsa ke canzawa daidai da wanda ya ba shi mota a kakar zaɓe. Mu ma a kasuwa akwai mai zuba tsohon wake a ƙasan buhu, ya rantse da Allah sabo ne, da carbi a hannunsa.

Yaro mai hankali yana ganin duk wannan. In ya ce addinin nan bai hana komai ba, wace aya za ka jawo masa alhali ayar ce ake takewa a gabansa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wane irin gyara?

Daga nan ne ake ta kiran a yi wa Musulunci gyara. Kalmar ɗaya ce, amma masu faɗinta iri biyu ne, kuma hausawa sun riga sun raba mana su da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai masu sauke mu raba. Misali Ayaan Hirsi Ali, 'yar asalin Somaliya wadda ta bar Musulunci ta zauna Holan sannan Amurka. A littafin da ta fitar a 2015 ta lissafa abubuwa biyar da take so Musulmi su sauya, cikinsu har da matsayin Alƙur'ani da na Annabi (SAW), da fifita lahira a kan duniya, da shari'a, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. In aka cire waɗannan me ya rage? Wannan kamar magini ne ya ce zai gyara maka gida, amma sai an tone harsashi. Ita kanta a 2023 ta ba da sanarwar ta koma Kirista. Masu irin wannan kira suna so mu bi sawun Turai, inda Martin Luther ya tayar wa Paparoma a 1517. Sun manta mu ba mu da Paparoma, kuma sun manta abin da ya biyo baya can, har da yaƙin shekara 30 da aka yi daga 1618 zuwa 1648.

Akwai kuma gyara kayanka, wanda malamai ke kira tajdidi, wato jaddada addini. Wannan namu ne tun asali. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi bushara da mai jaddadawa a kan kowace shekara 100. Masarautar Gombe ma albarkacin irin wannan gyara aka kafa ta, domin Modibbo Buba Yero almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, daga hannunsa ya karɓo tuta. Shehu kuwa kafin jihadin 1804 ya shekara da shekaru yana wa'azi, kuma mafi yawan sukarsa a kan Musulmi take. A Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A wasu littattafansa ya yi faɗa da ɗaliban tauhidin da ke kafirta talakawa don ba su iya jero dalilai ba. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, mata na bin ƙauyuka suna koyar da mata. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga wasu 'yan jihadi sun karkata ga dukiya da mulki, ya bar su ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. A ƙarnin da ya wuce Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun soki bidi'a da zaluncin masu sarauta daga cikin addini, ba su fita daga cikinsa ba.

Sirrin abin shi ne bambanta saƙo da fahimtar masu ɗauke da shi. Alƙur'ani da ingantacciyar sunna ba mai taɓa su. Fahimtar malami kuwa tana iya dacewa, tana iya kuskurewa. An ruwaito halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa duk daula bin Muwaɗɗa, Imam Malik da kansa ya hana. Imam Shafi'i ya sauya fatawoyi da dama bayan ya koma Masar daga Iraƙi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. A zamaninmu ma mun gani. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka yi bincike, sarakuna da malamai suka shiga gaba wajen kiran jama'a, a watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga Nijeriya. Yau limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin jini. Karatun 'ya mace da ake gudu a da, yanzu kowa likita mace yake nema wa matarsa. A duk waɗannan ba aya ɗaya da aka goge. Fahimta ce ta gyaru, addinin yana nan yadda yake.

Abin da ya rage gare mu

Barunde unguwa ce ta waɗanda suka zo neman halali. Iyayen wasunmu daga Kano suka taso, wasu Katsina, wasu Haɗeja, wasu Zariya, muka zauna da Fulani da Tera da Bolawa da Tangale, Musulmi da Kirista, muna ciniki ɗaya. Wanda ya zauna cikin mutane iri-iri ya san ba a sayar da kaya da tsawa. In mai saye ya kushe kayanka, buɗe buhun kake yi ya gani. Ga abin da muke ganin ya kamata.

Na farko, iyaye. In ɗanka ya zo da tambaya mai nauyi, ka gode wa Allah da ya kawo maka ita bai kai wa baƙo a intanet ba. Kada ka ce masa kafiri, kada ka tara masa dangi, kada ka ce aljanu ne. Ka ce zauna, ɗana, mu ji. In abin ya fi ƙarfinka ka riƙe hannunsa ku je wurin wanda ya sani. Ko da ya yi nisa, kada ka rufe masa ƙofar gida, domin wanda aka kora ba ya jin kira, kuma ba wanda ya san da me zai cika.

Na biyu, malaman Islamiyyunmu. Allah Ya saka muku, aikinku da yawa, albashinku kaɗan. Amma a ƙara wa manyan ɗalibai darasin tauhidi mai dalili, ba hadda kaɗai ba. A ware lokaci ko sau ɗaya a wata, a ajiye akwati, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa, malam ya amsa ba tare da neman wanda ya rubuta ba. Za ku sha mamakin abin da ke cikin zukatan yaran da kuke ganin shiru-shiru.

Na uku, masu hawa mumbari da masu kwamitin masallaci. Yaron da ya ji ɗan Izala na kafirta ɗan ɗariƙa da safe, ɗan ɗariƙa na rama wa da yamma, duk a lasifika, wata rana zai ce ƙila dukkanku ba ku da gaskiya. A rage wannan. A kuma fito fili a gaya wa matasa tun kafin wani abu ya faru cewa ɗaukar doka a hannu haramun ne, ko a kan wa.

Na huɗu, mu 'yan kasuwa da masu hali. Almajiran da ke kwana a tsangayun unguwar nan an san adadinsu, an san malamansu. Zakkar shaguna goma ta isa ta ɗauki abincinsu da sabulunsu da maganinsu, a nemi iyayensu su ma su ɗauki nasu kason. Bazawarar da aka sako da yara, kwamitin masallaci ya bi mata haƙƙinta kafin ta kai ga bara. Mudunmu kuma ya cika. Wa'azin da mutum ke yi da mudunsa ya fi wanda yake yi da bakinsa isa ga zuciya.

Mulhidi ya yi kuskure babba a kan Ubangijinsa, muna roƙa masa shiriya kamar yadda muke roƙa wa kanmu tabbata. Amma in ya nuna ƙazanta a tsakar gidanmu, zaginsa ba ya kwashe ta, ɗaure shi ma ba ya kwashe ta, tsintsiya ce ke kwashe ta. Tambayarsa a amsa da ilimi, zarginsa a amsa da aiki, zaginsa a bar wa hukuma.

Allah Ya tsare mana imaninmu da na zuri'armu, Ya shiryi wanda ya ɓace, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a fitinun da suka wuce, Ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya. Wanda yake da gyara a kan abin da muka rubuta, ƙofa a buɗe take, ya aiko wa mujalla ko ya same mu bayan sallar La'asar. Wassalamu alaikum.